Koren Ganye Ba Shi Ne Shaidar Lafiyar Bishiya Ba

An daɗe ana cewa muddin ganyen bishiya kore ne shar, to babu ƙwaron da ke cinta. Masu wannan magana suna da uzuri, domin ganye ne ido ke fara gani. Sai dai ƙwarin da ke huda itace ba ta ganye suke farawa ba.

Uwar kan saka ƙwai a jikin ɓawo. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe sai ta kutsa ciki, ta riƙa cin ɓangaren da abinci da ruwa ke bi, tana barin hanyoyi a karkace. Bishiya kan kai shekara 2 zuwa 3 a haka kafin rassan sama su fara bushewa. Haka abin ya kasance da wani koren ƙwaro ɗan asalin Asiya da aka gano a Amurka a 2002: kafin a farga ya yi shekaru yana ɓarna, daga baya ya kashe miliyoyin itatuwa irin waɗanda ake kira ash da Turanci.

Don haka gangar bishiyar za ka duba. Nemi ƙananan huji. Na wannan ƙwaro bai wuce milimita 4 ba, siffarsa kamar harafin D. Wasu ƙwarin kan zubo da garin itace a gindi. In ɓawo ya tsage, leƙa ƙarƙashinsa. In tsuntsaye masu saran itace sun matsa wa bishiya guda, galibi tsutsa suka samu.

A tura wa masu gandun itatuwa da masu safarar itacen girki wannan bayani, domin tsutsar kan yi tafiya mai nisa a cikin itacen da aka sare.