Waiwaye: Yadda ɗalibai suka shiga harkar ƙera ƙwayoyin halitta, da abin da ke jiran na Kano

A 1973 ne Stanley Cohen da Herbert Boyer suka nuna a Amurka cewa ana iya yanko guntun DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado na halitta, daga wata halitta a dasa shi cikin bakteriya, ta karɓe shi, ta ci gaba da hayayyafa da shi. Zuwa 1978 an sa bakteriya ta samar da insulin irin na jikin ɗan Adam, a 1982 kuma ya shiga kasuwa. Kafin nan daga jikin shanu da aladu ake tatso maganin da masu ciwon suga ke allura da shi.

Wannan dashe ne na guntu ɗaya. Abin da ake kira ƙera halitta ya soma ne a shekarar 2000, lokacin da masana suka tunkari ƙwayar halitta da idon injiniya. A Jami'ar Boston, James Collins da abokan aikinsa suka haɗa wani tsari cikin bakteriya da ake kunnawa a kashe kamar makunnin lantarki. A Jami'ar Princeton kuma Michael Elowitz da Stanislas Leibler suka sa ta riƙa haske tana dushewa bi da bi.

Ba a jima ba ɗalibai suka shigo. A Janairun 2003 jami'ar MIT ta Amurka ta buɗe wani gajeren kwas kan ƙera halitta, a 2004 ya zama gasa tsakanin tawagogi biyar. Ita ce iGEM, wadda yanzu ɗaruruwan tawagogi ke shiga duk shekara, har da 'yan sakandare, kuma tun 2022 a birnin Paris ake babban taronta. Aikin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na ɗaliban Jami'ar Edinburgh ta Birtaniya a 2006. Sun ji yadda gubar arsenik ke cikin rijiyoyin Bangaladesh, sai suka tsara bakteriyar da za ta nuna alama idan ruwa na ɗauke da gubar. Ba su ƙirƙiro wata sabuwar halitta ba. Matsalar talaka suka ɗauko, suka nema mata awo mai arha. A 2013 ma kamfanin Sanofi ya fara haɗa sinadarin maganin zazzaɓin cizon sauro ta amfani da yis da masani Jay Keasling ya sarrafa, sinadarin da a da sai daga ganyen tazargade ake samunsa.

A Nijeriya an kafa hukumar bunƙasa fasahar halittu ta ƙasa, NABDA, a 2001, aka yi dokar kula da lafiyar fasahar halittu a 2015, aka gyara ta a 2019 ta haɗa da ƙera halitta da gyaran DNA. A 2019 ɗin ne aka amince da waken SAMPEA 20-T na Cibiyar Binciken Noma ta Samaru, mai jure tsutsar da ke huda kwanson wake, kuma a Kano aka ƙaddamar da shi ga manoma a 2021. Tsohuwar fasahar dashe ce, amma ta nuna cewa masana na gida na iya kai aiki daga ɗakin gwaji har gona.

Tambayoyin bincike kuwa suna nan a ƙofar gida. Duk wanda ya bi ta Challawa ko Sharaɗa ko Bompai ya ga ruwan da ke fitowa daga masana'antun jima, mai ɗauke da sinadarin kuromiyom, kuma a ƙasan irin waɗannan magudanai ake noman lambu. Ɗalibin Jami'ar Bayero da zai tsara awo mai arha wanda manomi zai tsoma a ruwa ya ga launi ya sauya, ya yi aikin da ya kai na Edinburgh. Ga cibiyar noman tsandauri ta jami'ar, ga reshen cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, da ya daɗe yana binciken wake a birnin. Cikas ɗin sananne ne: firjin da ke ajiye samfuri ba ya son ɗaukewar wuta, kayan gwaji da dala ake sayensu, kuɗin shiga gasa ma haka. Sai dai kaso mai yawa na aikin, wato tsara jerin DNA da gwada shi a lissafi, a kwamfuta ake yi, kuma rumbunan bayanan a buɗe suke kyauta a intanet.

Ɓangaren da nake ganin bai kamata a yi masa riƙon sakainar kashi ba shi ne wayar da kai. Kano ba ta manta 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya haɗa da yara kimanin 200 cikin annobar sanƙarau, 11 suka rasu. Wannan tabon yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar daga 2003 zuwa 2004. Mutanen da suka ga haka suna da hujjar tambaya idan aka ce musu an taɓa asalin wake ko bakteriya. A iGEM, tuntuɓar jama'ar da aikin ya shafa yana cikin abin da alƙalai ke aunawa. A nan ya fi ƙarfin maki. Ɗalibin da zai yi wannan aiki a Kano sai ya iya zama da dillalan Dawanau, da malamai a zaure, da masu kira a shirin rediyo, ya faɗa musu da Hausa abin da aka sauya, da wanda ya ba da izini, da abin da za a yi idan aka samu matsala.