Gwanjon Motocin 'Yan Sanda

Gwanjon motocin 'yan sanda shine sayar da motocin sintiri da hukuma ta gama cin moriyarsu ko suka yi mata yawa, a bainar jama'a, kowa ya taya, wanda tayinsa yafi tsoka a sallama mashi. Mu nan an fi jin kalmar gwanjo a wajen tufafi, amma asalin abin ciniki ne na tayi kan tayi, babu "albarka" babu jan dogon zance, in mai gwanjo ya ƙirga har uku ba wanda ya ƙara to magana ta ƙare.

A Amurka abin ya zama ruwan dare saboda can kusan kowane birni da rundunar 'yan sandansa, kuɗin harajin mutanen garin ne ke sayen motocin, dan haka in sun tsufa hukumar birnin ce ke sayarwa kuɗin ya koma baitulmalinta. Kafin a fitar da mota sai an cire jiniya da fitilun nan masu walƙiya da rediyon oba-oba da ragar ƙarfen dake raba direba da wanda aka kama, a kankare tambarin dake jikin ƙofa. Da a fili ake yi, yanzu yawanci ta intanet ne a shafuka irin su GovDeals. Motar da tafi suna a harkar ita ce Ford Crown Victoria wadda aka daina ƙerawa a 2011, da yawansu daga sintiri tasi suka koma, sai Dodge Charger da Chevrolet Tahoe da Ford Explorer. Kuma sharaɗin ɗaya ne, yadda ka ganta haka zaka ɗauka, ba garanti ba maidowa.

Najeriya tsarin daban ne. Kundin tsarin mulkin 1999 a sashe na 214 yace rundunar 'yan sanda guda ɗaya ce ta tarayya, kenan ƙaramar hukumar Zariya ko ta Sabon Gari basu da 'yan sandan kansu balle su yi gwanjon motocinsu. Dattawa dai zasu tuna 'yan dokan En'e, waɗanda aka narkar cikin rundunar tarayya zamanin soja bayan 1966. Motocin sintirin da muke gani, da fijo ne yanzu kuma Hilux, wasu tarayya ta saya wasu gwamnatocin jihohi ke bayarwa gudummawa, kuma sayar da kowace kadarar gwamnatin tarayya yana ƙarƙashin dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, wadda ta tanadi a kimanta darajar kaya kuma a yi cinikin a buɗe. Akwai kuma wani kaso da mutane ke rikitawa da wannan, wato motocin da ke jibge a harabar caji ofis, waɗanda suka yi hatsari ko aka kama aka rasa mai su, tayoyi sun nutse a ƙasa ciyawa ta fito ta gilas, har kaji na ƙwai a kujerar baya. Waɗannan ba na hukuma bane, sai an yi cigiya an bada wa'adi kotu ta bada izini kafin a sayar. Kwastan ma na yin nasu, sun fara ta intanet a 2017 lokacin shugabansu Hamid Ali, EFCC kuma na sayar da waɗanda kotu ta ƙwace.

Abinda yafi cin masu saye shine kallon mitar tafiya. Motar sintiri rabin rayuwarta a tsaye take inji na kunne, ana jira a shingen bincike ko bakin hanya, mita bata motsi amma inji na cin kansa. Kamfanin Ford da kansu sun ƙiyasta awa ɗaya a tsaye tamkar tafiyar mil 33 ce, wajen kilomita 53 kenan, ashe awa ɗaya da rabi a tsaye kamar ka tashi daga Kwangila a Zariya ka isa Kaduna ne alhali motar ko taku ɗaya bata yi ba. Ga direbobi barkatai, wannan ya sauka wancan ya hau, ga gudu a ramuka. Shi yasa duk wanda yasan harkar baya zuwa ranar duba kaya sai da bakanike, ya zaro sandar mai ya murza a yatsa ya shinshina, ya leƙa ƙarƙashi ya ga ko an yi waldar shasi, ya buɗe lagireto. Wata kam ba ta tashi ko da turi, sai dai 'yan gwangwan su saye ta a farfasa, injin da giya da gatari su tafi kasuwar kayan gyara.

Ta ɓangaren addini malamai sun halasta irin wannan ciniki, a fiƙihu sunansa muzayada. Abinda hadisi ya hana shine najashi, mutum ya riƙa ƙara tayi ba da niyyar saye ba sai dan ya tsuga ma wani kuɗi. Akwai kuma kishiyarsa, dillalai su haɗa baki kowa yayi shiru a sayi kaya a wulaƙance su fita waje su raba, ko kuma a gama rabon motocin masu kyau a ofis tun kafin sanarwa ta fito. Wannan yana min ciwo sosai wallahi, domin motar nan da kuɗin talakan Tudun Wada da Samaru aka saye ta, haƙƙinsa ne ya ji ranar gwanjo kuma ya san nawa ta faɗi.

Wanda ya ci tayi, takardu sun fi motar muhimmanci. Sai ya riƙe rasit ɗin biya da takardar sallama daga hukumar da ta sayar, ya tabbatar lambar shasi da ta inji sun yi daidai da abinda aka rubuta, sannan ya je a canza sunan mallaka a bashi lambar farar hula. Fenti ma dole a sauya shi gaba ɗaya, jiniya ko tambari in an manta ba'a cire ba ya cire da kansa, dan yawo da kamannin motar jami'an tsaro kan jawo tuhumar sojan gona. In kuma daga Amurka aka yo odarta, a Janairun 2017 an hana shigo da mota ta kan iyakokin tudu, ta tashar ruwa zata shigo a biya kuɗin fito a karɓi takardar kwastan.