Tafkin Menteith

Tafkin Menteith wani ɗan ƙaramin tafki ne a yankin Stirling na ƙasar Sikotland, kusa da garin Aberfoyle, faɗinsa bai fi murabba'in kilomita 2.5 da ɗan wani abu ba. A bakinsa ta arewa akwai ƙauyen Port of Menteith. Asalinsa ƙanƙara ce, a ƙarshen zamanin da ƙanƙara ta lulluɓe ƙasar ta narke ta bar kwari sai ruwa ya cike gurin. Rararsa na fita ne ta rafin Goodie ya je ya faɗa kogin Forth. Yanzu haka yana cikin gandun ƙasa na Loch Lomond da Trossachs wanda aka kafa a 2002.

Tsibirai uku ne a ciki. Babban shi ne Inchmahome, sai Inch Talla inda sarakunan Menteith suka yi gidan sarautarsu, sai wani ɗan mitsitsi da ake cewa nan suke ajiye karnukan farauta.

Gaskiya duk nauyin tarihin gurin yana kan Inchmahome ne. A 1238 basaraken yankin, Walter Comyn, ya gina wa 'yan zuhudu mabiya tsarin Augustine gidan ibada a can, kuma ba banza suka zaɓi tsibiri ba, ruwan shi ne ganuwarsu, wanda ba shi da kwalekwale sai dai ya tsaya a baki yana hange. Sarki Robert Bruce ya je gurin har sau uku, 1306 da 1308 da 1310. Amma baƙuwar da aka fi tunawa da ita yarinya ce 'yar shekara 4, wato Sarauniya Mary ta Sikotland. A watan Satumba na 1547 sojojin Ingila suka yi wa na Sikotland kaca-kaca a yaƙin Pinkie, so suke ko ta halin ƙaƙa a ɗaura mata aure da sarkinsu Edward na 6 wanda shi ma yaro ne, shi ne fa aka gudo da ita da mahaifiyarta aka ɓoye su a tsibirin kamar sati uku, shekara na zagayowa aka sa ta a jirgin ruwa sai Faransa. Abin da tausayi wallahi, yarinyar da ko wayo ba ta gama yi ba ƙasashe biyu na zubar da jini a kanta.

Bayan sauyin addini na 1560, lokacin da ƙasar ta bar ɗarikar Katolika ta koma Furotesta, zaman zuhudu ya mutu a hankali, ginin ya zama kango. Har yau bangon cocin na tsaye da dogayen tagoginsa ba rufi, ga wani kabari da aka sassaƙa hoton wani basarake da matarsa a dutse suna rungume da juna, ga tsofaffin itatuwa masu kauri da suka yi ɗaruruwan shekaru. Nan aka binne marubuci kuma ɗan siyasa Cunninghame Graham a 1936. Hukumar Historic Environment Scotland ke kula da gurin, da ƙaramin jirgi ake tsallakar da baƙi in sanyi ya wuce.

Ɓangaren halittu kuwa, masu kamun kifi sun san shi sosai saboda kifin tarawut da ake zubawa a ciki. In sanyi ya shigo dinya kan sauka garke-garke. Akwai kuma wani shaho mai cin kifi, zaka ganshi yana shawagi can sama sai kawai ya yo ƙasa ya cafko kifi da faratansa. Wannan tsuntsu ya taɓa ƙarewa a Sikotland wajen 1916 saboda harbi da satar ƙwai, sai a shekarun 1950 ya dawo, kuma duk shekara yana yin ƙaura zuwa Afirka ta Yamma, irinsu Senegal da Gambiya, ya yi hunturu a can.

Tafkin ba shi da zurfi a yawancin gurare, dan haka in sanyi ya tsananta yakan daskare har a taka shi. Shi ya sa aka yi babbar gasar nan ta wasan kalin a kansa, wasan da ake turo dutse mai nauyin kusan kilo 20 ya zame a kan ƙanƙara wasu na share masa hanya da tsintsiya, 'yan arewacin ƙasar su kara da 'yan kudu. Rabon da a yi ta a kan tafkin tun 1979. A Janairun 2010 ƙanƙarar ta yi kaurin da ake so amma aka fasa, dan jami'an agaji sun ce ba za su iya tabbatar da lafiyar dubban mutanen da za su hau ba.