Hawan Keke a Zariya

Hawan keke, wanda wasu dattawa ke kira hawan basukur, shi ne tafiya a kan abin hawa mai taya biyu da ake tuƙawa da ƙarfin ƙafa. A Zariya da ƙauyukan da ke kewaye da ita keke ya shafe kusan ƙarni guda yana aiki iri biyu, wato biyan buƙatar zuwa gona da kasuwa da makaranta, da kuma nishaɗin yara da samari. Raba waɗannan biyun yana da wuya, domin keken da magidanci ya ɗauko buhun masara da shi da hantsi, shi ne ɗansa zai faki ido ya zagaya unguwa da shi bayan la'asar.

Ana ganin Hausa ta aro kalmar keke daga Yarbanci, basukur kuwa daga Turanci. Da yake keke ya zama sunan na'urori da dama, irin su keken ɗinki da keken guragu da keken rubutu, akan ce keken hawa idan ana son a bambance.

Asalinsa

A 1817 wani Bajamushe mai suna Karl von Drais ya ƙera abin hawa na katako mai taya biyu a jere, wanda aka fara gwadawa a Mannheim. Ba shi da feda, mahayi yana zaune ne yana tura ƙasa da ƙafafunsa. A shekarun 1860 aka sa feda a tayar gaba a birnin Paris, kuma masu tarihi sun yi saɓani kan ko Pierre Lallement ne ya fara ko gidan Michaux. Tun da zagayen feda ɗaya daidai yake da zagayen taya ɗaya, hanyar ƙara gudu kawai ita ce a ƙara girman tayar gaba, abin da ya haifar da dogayen kekunan shekarun 1870, waɗanda faɗuwa daga kansu kan karya mutum.

Siffar da aka sani yau ta fito ne a 1885, lokacin da John Kemp Starley na garin Coventry a Ingila ya fitar da keken Rover, mai tayoyi kusan kai ɗaya da sarƙa mai juya tayar baya. A 1888 John Boyd Dunlop, wani likitan dabbobi a Belfast, ya yi tayar da ake hura wa iska. Waɗannan abubuwa biyu su suka mai da keke abin da talaka zai iya hawa a kan hanyar da ba kwalta, kuma a wannan tsakanin ne kamfanin Raleigh ya kafu a Nottingham.

Isowarsa ƙasar Zazzau

Keke ya biyo hanyar jirgin ƙasa. Layin dogo ya iso Zariya wajajen 1911, aka haɗa ta da Kano da Baro da Ikko, daga baya kuma aka ja ƙaramin layi zuwa Jos, wanda aka rufe a 1957. Tashar jirgin ita ta jawo kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, har unguwar PZ ta ɗauki sunanta daga kamfanin Paterson Zochonis, ita kuma Sabon Gari ta cika da ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu. Mai yiwuwa a hannun waɗannan da Turawan mulki da na mishan aka fara ganin keke a garin, kafin ya shiga cikin birni.

Yadda Zariya take a shimfiɗe ya taimaka masa ƙwarai. Garin ba dunƙule yake wuri ɗaya ba: akwai Birni a cikin ganuwa, akwai Tudun Wada, akwai Sabon Gari a ƙetaren Kubanni, ga Wusasa ta yamma, ga Samaru can arewa maso yamma inda aka kafa tashar binciken aikin gona a shekarun 1920, wadda tazararta da Birni ta haura kilomita 10. Tafiyar ta yi wa ƙafa yawa kullum, doki kuwa sai mai hali, ga shi yana buƙatar harawa da ɗan kula. Keke ba ya cin komai sai ɗan mai a sarƙa, shi ya sa aka yi masa laƙabi da dokin ƙarfe.

Daga shekarun 1940 zuwa farkon 1970 keke alama ce ta rufin asiri. Malaman makaranta da malaman gona da na asibiti da masinjojin En'e da ma'aikatan Kamfanin Gaskiya, wanda aka kafa a 1945, su ne aka fi sani da shi, kuma ma'aikacin gwamnati kan karɓi rancen sayen keke a riƙa cirewa daga albashinsa. Manomin da audugarsa ko gyaɗarsa ta yi kyau yakan sayi keke da kaka kafin ya sayi rediyo. A wancan lokacin hukuma na karɓar kuɗin lasin keke, a ba mai shi ƙaramar lamba ya ɗaura a jiki, rashinta kuwa kan jawo tara. Raleigh baƙi, mai tambarin kan tsuntsu a gaba da taya inci 28 da birkin sanda, shi ne sarkin kekunan wannan zamani. Masu shi kan bar takardar da aka naɗe ƙarfensa da ita ta daɗe ba a cire ba, su ƙara madubi biyu da ƙararrawa da fitila mai aiki da dinamo, su yi wa sirdi riga mai tuntaye. Wasu rubuce-rubuce sun lissafa haɗa kekuna cikin masana'antun Zariya na tsakiyar ƙarni na 20, tare da gurzar auduga da yin sigari, amma masana'antar Raleigh da aka fi tunawa da ita a Arewa tana Kano ne.

Martabar keke ta fara raguwa da zuwan kuɗin man fetur. Ƙarin albashin Udoji na 1974 zuwa 1975 ya sa ma'aikata da yawa suka koma babur, keke ya gangara hannun manoma da leburori da ɗalibai. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da faɗuwar darajar naira, kayan Ingila suka fi ƙarfin mai saye, kasuwa ta koma hannun Phoenix na ƙasar Sin da Hero da Avon na Indiya, waɗanda duk kwaikwayon tsohon fasalin Raleigh ne. Daga baya kekuna na hannu masu giya suka shigo daga Turai da Japan. A farkon shekarun 2000 ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi kiran 'yan Nijeriya su koma hawan keke, har shi kansa ya hau zuwa aiki a Abuja, amma abin da aka fi tunawa shi ne motar da ta tura shi cikin kwata. Acaɓa da Keke Napep su suka karɓe fasinjan gari. Janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya sa wasu ma'aikata da ɗalibai suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu.

Hawan yau da kullum

Aikin keke mafi nauyi yana ƙauye. Daga fadamun Galma da garuruwa irin su Hunƙuyi da Giwa da Soba akan ga kekuna ɗauke da rake da itace da kwandunan tumatir da barkono, wani lokaci kayan sun yi yawa har mai keken ya sauka yana turawa, keken ya zama amalanke. Don haka ne ake ƙara wa kariya, wato wurin ɗora kaya a bayan keke, ƙarfe a wajen mai walda, a kuma ɗaure kaya da igiyar roba da aka yanko daga tsohon tub. A cikin gari masu tallar burodi da askirim da 'yan gwangwan suna amfani da shi, haka ma malaman allo da ɗaliban ilimi masu zagayen zaurukan karatu, domin lungunan Birni da mota ba ta shiga keke yana ratsa su. Goyo abu ne da aka saba da shi, ko a kariya ko a kan sandar gaba, kuma yaran da ake goyawa kan ji ciwo idan ƙafa ta shiga tsakanin wayoyin taya.

Haya da koyo

Yawancin mazan Zariya da suka manyanta ba a kan keken gidansu suka koyi hawa ba, a wajen mai haya suka koya. Mai hayar keke, wanda sau da yawa shi ne mai gyaran keke na unguwa, yakan jera ƙananan kekuna a gindin bishiya, yaro ya biya kuɗin minti kaza, ya yi ta zagaye har a kira shi. Wanda ya wuce lokaci ko ya karya feda yakan jingine keken daga nesa ya ruga. Yaron da bai samu ƙarami ba yakan koya da na manya ta hanyar zura ƙafa ɗaya ta ƙarƙashin sandar, yana tuƙi a karkace ba tare da ya hau sirdi ba, sannan ya kai ga zama kan sanda, daga ƙarshe ya hau sirdi. Kasuwar haya ta fi ci a ranakun Sallah, lokacin da yara ke da goron Sallah a aljihu, kuma yayin da manya ke kallon hawan Sarkin Zazzau, su nasu hawan a kan keke yake, da sakin hannu da ɗaga tayar gaba da tsere tsakanin unguwanni.

Nishaɗi da motsa jiki

Hawan keke don lafiya kawai sabon abu ne a garin, kuma an fi ganinsa a Samaru da GRA. Harabar Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da tituna masu inuwa da ƙarancin manyan motoci, kuma hanyar da ta gangara zuwa madatsar Kubanni ta dace da mai son zagayen yamma. Masu keken giya da ke son hanyar burji kan nufi dutsen Kufena ta wajen Wusasa, ko su bi sawun tsohuwar ganuwa daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan, ko da yake gine-gine sun cinye wurare da yawa na ganuwar. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako, abin da mai zuwa aiki da keke daga Tudun Wada zuwa Samaru yake wucewa ba tare da ya ƙidaya ba. Likitoci kan ambaci keke ga masu hawan jini da ciwon suga saboda ba ya dukan gwiwa kamar gudu.

Yanayi yana da tasiri. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, akwai sanyin safiya da ƙura mai shiga ido da sarƙa. A Maris da Afrilu zafi kan tilasta fita da asuba. Da damina kuma hanyoyin ƙauye kan zama laka. Babban haɗari dai yana kan manyan tituna, musamman wajen Kwangila da hanyar Kaduna zuwa Kano, inda babu layin keke, kuma mahaya da yawa ba su da fitila da dare, hular kwano kuwa sai ɗaiɗaiku.

Gyara

Kayan aikin mai gyaran keke ba su da yawa: famfo, sifana, kwanon ruwa na gano inda tub ya huje, gam da faci. Gwaninta tana wajen miƙe taya da ta karkace ta hanyar ɗaure wayoyinta ɗaya bayan ɗaya. Tsohon fasalin keke ya daɗe a kasuwa ne saboda kayan Phoenix kan shiga jikin Hero, masu giya kuwa kayansu ba ko'ina ake samu ba.

Tsere

Tseren keke bai kafu a Zariya kamar ƙwallon ƙafa ko folo ba. A duniya gasar da ta fi suna ita ce Tour de France, wadda aka fara a 1903, a Afirka ta Yamma kuma Tour du Faso ta Burkina Faso, tun 1987. Ese Ukpeseraye ita ce ta fara wakiltar Nijeriya a tseren keke na Olamfik, a Paris a 2024, kuma a 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke ta duniya.

Mata da keke

Ƙananan 'yan mata suna hawa, musamman zuwa makaranta a Samaru da Sabon Gari, amma yawanci sukan bari idan sun tasa. Wasu na ganin hawan bai dace da suturar mace da kunyarta ba, wasu kuma na cewa al'ada ce kawai ta hana.