Cire kacar keke da mayar da ita a gida

Kaca ita ce sarƙar da ke ɗauko ƙarfin feda ta kai wa tayar baya. Irin wadda muke amfani da ita yanzu Hans Renold ne ya ƙirƙiro ta a Ingila a 1880, kuma tazarar kowane fil (ɗan ƙarfen da ke haɗa gaɓoɓinta) da na kusa da shi rabin inci ne, wato milimita 12.7, shi ya sa kacar da ka saya ranar Juma'a a kasuwar Wudil za ta hau Raleigh ko Phoenix ba gardama, in dai keken mara giya ne.

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa yashi ne ke cinye ta, ga ƙurar hunturu ga lodin jarkoki da buhun gero, sai a zo a zuba mata baƙin mai yashin ya manne ya zama kamar dutsen wasa wuƙa. To dole wataran a sauke ta a wanke.

A kifa keken, a sassauta notin tayar baya da sifana, galibi lamba 15, a tura tayar gaba kacar ta saki. Sai a juya feda a hankali ana duba gaɓoɓin har a ga wadda ta bambanta, ita ce makullin, tana da ɗan kilif a jikinta. Da filaya ake zare shi, amma fa a shimfiɗa buhu tukuna, don abin nan in ya yi tsalle ya faɗa cikin rairayi wallahi sai dai haƙuri, yaran gida kaf ba za su gano shi ba. Wadda ba ta da makulli wasu ƙusa da guduma suke sa mata a kan noti don su tura fil ɗaya ta rabu, yana yi amma yana lanƙwasa gaɓa, kuma kar a fitar da fil ɗin duka don mayar da shi jan aiki ne.

A jiƙa ta a kananzir, a goge, ta bushe.

Wajen mayarwa nan mutane ke kuskure. Rufaffen bakin kilif ɗin shi ne zai kalli inda kaca ke tafiya, in aka juya shi wani abu na iya tuntuɓar buɗaɗɗen bakin ya fice kana tsakiyar hanyar gona. Sannan a ja taya baya, kar ta yi tauri cak, a bar mata wasa kamar faɗin yatsa, a duba tayar ta zauna tsakiya kafin a ɗaure. Mai kuma ɗis-ɗis a kowace gaɓa, a share ragowar da tsumma.