Hospis: mece ce ita, kuma ta yaya ake gane mai yin ta da kyau?

Akwai maganar da duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon daji a Birnin Kebbi ko Sakkwato yake fargabar ji daga bakin likita: "Ku koma da shi gida, a ci gaba da addu'a." Daga nan sai a naɗe tabarma, a tattara kwanuka da filas, a nemi motar Jega ko Argungu ko Kamba. Dangi sun gane abin da ake nufi, shi ma maras lafiyar galibi ya gane, amma ba mai furtawa. Abin da ba a cika gaya musu ba shi ne wa zai ji da raɗaɗin da zai hana shi runtsawa, da aman da ba ya tsayawa, da gyambon da zai ɓulla a ƙugu bayan makonni a kwance. Wannan wajen ne aikin da ake kira hospis ya shafa.

Hospis kulawa ce ta musamman ga wanda cutarsa ta wuce a warkar da ita, kuma alamu suka nuna sauran kwanansa ba yawa. Ba a ƙoƙarin gaggauta ajali, ba a kuma wahalar da mutum da magungunan da ba za su ƙara masa komai ba. Abin da ake nema shi ne ya ƙarasa kwanakinsa ba cikin azaba ba, da mutuncinsa, iyalinsa kuma su samu mai kama musu. Ciwon daji ne aka fi saninta da shi, amma mai ciwon hanta da ya ci jiki, da mai ciwon ƙoda ko zuciya da ya kai ƙarshe, da tsohon da shanyewar jiki ta kwantar, duk suna ciki. Tana ƙarƙashin wani fanni mafi faɗi, wato kulawar sassauci, wadda ita ana iya fara ta tun ranar da aka gano cutar, a riƙa yin ta tare da neman waraka. A Amurka, inda inshorar gwamnati ta tsofaffi ke biyan kuɗin hospis tun daga dokar 1982, sai likitoci sun sa hannu cewa suna hasashen mutum ba zai wuce wata 6 ba. Wannan ƙa'idar biyan kuɗi ce kawai. Ranar tafiya tana hannun Allah, kuma su ma can sukan ga waɗanda suka zarce hasashen.

Wata Baturiyar Ingila, Cicely Saunders, ce ta kafa tsarin a yadda yake yau. Ta yi aikin nas, ta yi aikin jin daɗin jama'a, sannan ta koma ta karanta likitanci, kuma a 1967 ta buɗe gidan St Christopher's a Landan. Babban abin da ta koyar shi ne cewa ciwon mai jiran ajali ba a jiki kaɗai yake ba: akwai fargaba, akwai tunanin yaran da zai bari, akwai bashi, akwai abin da ke tsakaninsa da Mahaliccinsa, kuma kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa zafi. A Afirka an fara a Zimbabuwe a 1979. Yuganda ce ta fi yin fice: Dakta Anne Merriman ta kafa hospis a Kamfala a 1993, aka riƙa haɗa ruwan mofin mai araha, wato maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, kuma daga 2004 doka ta yarda nas da aka horar ta rubuta shi, saboda likitoci ba sa kaiwa ƙauyuka. A Najeriya, Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta ne suka yi ta fafutuka har asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashen kulawar sassauci a 2007. Duk da haka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar kulawar sassauci kowace shekara, kuma kusan kashi 14 cikin ɗari ne kawai ke samu.

A Kebbi an ji maganar ciwon daji sosai a shekarun da Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, matar tsohon gwamnan jihar, ta yi tana wayar da kai a kai, amma har yau mutane da yawa sai ciwo ya ci ƙarfinsu suke zuwa asibiti, kuma yawancin jinyar ƙarshe a ɗakin gida ake yin ta. Don haka kada a ji hospis a zaci wani gini ne da za a kai Baba a ajiye; ba Bahaushen da zai yarda da wannan, kuma ba a buƙatarsa. Mai ba da kulawar a nan yana iya zama sashen wani babban asibiti, ko ƙungiyar agaji, ko asibitin kuɗi, ko nas da ke zagayawa gida-gida. Ko wane ne, ma'aunin ɗaya ne, kuma fenti da na'urar sanyaya ɗaki ba sa cikinsa.

A fara da raɗaɗi, domin wanda ya kasa nan ya kasa duka. Mutanenmu suna da dauriya da kunya. Ka tambayi dattijon da ciwo ya ci ƙashin bayansa, "Baba, ya jiki?" zai ce maka "Da sauƙi, alhamdu lillahi," alhali haƙoransa a dantse suke. Ma'aikacin da ya ji "da sauƙi" ya rubuta ya wuce, bai fara aiki ba. Na kirki zai ja kujera ya zauna, ya ce a nuna masa wurin da hannu, ya tambaya ko suka yake yi ko ƙuna ko nauyi, ya tambaya ko an yi barci jiya. Wasu sukan ɗaga tafin hannu su ce, idan dunƙulallen hannu babu ciwo ke nan, yatsu 5 kuma ciwon da ba a taɓa jin irinsa ba, yau yatsu nawa ne? Gobe su sake tambaya, su rubuta, su kwatanta da na jiya.

Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin hawa uku na maganin raɗaɗin daji: a fara da irin su farasitamol, idan bai ji ba a hau zuwa masu matsakaicin ƙarfi irin su kodin, idan ya yi tsanani a ba da mofin. Sharuɗɗan da ke tare da shi su ne a ba da ta baki muddin ana iya haɗiya, kuma a bi agogo. Ruwan mofin na sha duk bayan awa 4 ake ba da shi, ko ciwon ya motsa ko bai motsa ba, tare da ƙarin awo da aka tanada don lokacin da ya taso ba shiri. Jiran sai mutum ya fara ihu kafin a ba shi magani kamar jiran damina ta sauka ne kafin a yaɓe soro. Saboda haka idan mai kula da ku duk dabararsa ita ce a kira shi ya zo ya yi allura in abin ya ɓaci, ya karɓi kuɗin allura ya tafi, ku san ba hospis yake yi ba.

Na san inda gizo ke saƙa. Mun ga abin da tiramadol da kodin suka yi wa samari, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, don haka da an ambaci mofin sai dangi su ja baya. Wasu kuma cewa suke shi ne ke ƙarasa mutum. Abin da ke faruwa shi ne ana jinkirta shi har sai ana gargara, sai a ba da, mutum ya cika, a ɗora wa maganin laifi. Mofin da aka fara da kaɗan, aka riƙa ƙarawa daidai da ciwo a ƙarƙashin likita, ba ya gajarta kwana, kuma da wuya ya zama jaraba ga mai ciwo na gaske. Yana da nasa matsalolin: gyangyaɗi da tashin zuciya a kwanakin farko, waɗanda sukan lafa, da taurin bayan gida wanda shi ba ya lafawa. Ga gwaji mai sauƙi a nan. Duk wanda ya rubuta mofin bai haɗa da maganin sassauta ciki ba, bai kuma tambayi yaushe rabon maras lafiya da bayan gida ba, bai ƙware ba. A kuma tambaye shi kai tsaye daga wane kantin asibiti maganin ke fitowa, da abin da za a yi idan ya ƙare ranar Asabar.

Sai maganar dare. Ciwo ba ya bin lokacin ofis, kuma wanda ke Dakingari ko Bagudo ba zai ɗauko mai numfashi sama-sama da ƙarfe biyun dare ya kama hanyar Birnin Kebbi ba. A nemi lambar da za a kira, a tambayi wa ke ɗagawa, nas ce ko mai gadi. Ba laifi ba ne a gwada kiran tun kafin buƙata ta taso.

Abin da na fi ba wa nauyi bayan raɗaɗi shi ne yadda ake mu'amala da mai jinya. A gidajenmu mace ce: matar gida, ko 'yar fari, ko suruka, ko ƙanwar da aurenta ya mutu. Ma'aikaci yana zuwa na awa ɗaya, ita ke nan sauran yini da dare. Nas ta gari za ta ce, "Inna, zo ki gani," ta nuna mata yadda ake juya maras lafiya duk bayan awa 2, daga wannan gefe zuwa wancan, da matashi tsakanin gwiwoyi. Za ta ɗaga zani ta duba ƙugu da duga-dugai da kafaɗu, domin jan da ba ya gushewa idan an danna shi da yatsa, farkon gyambo ne. Za ta koya mata goge baki da tsumma mai laushi da ruwan gishiri kaɗan, da shafa mai a leɓe. Idan ciwon nono ne ya fashe yana wari har 'yan dubiya sun fara tsayawa a bakin ƙofa, ta san ana niƙa ƙwayar Flagyl a barbaɗa a kai, warin ya ragu ƙwarai. Wannan kaɗai yakan dawo wa mace da jikokinta ɗaki. Kuma kafin ta tafi za ta dubi mai jinyar ta ce, "Ke fa, kin samu kin kwanta? Wa ke karɓar ki?"

Idan tafiya ta matso, ci da sha suna raguwa, kuma nan ne rigima ke tashi. Dangi na ganin rashin tausayi ne a bar mutum ba kunu, sai a yi ta ɗura, ko a matsa a yi ƙarin ruwa. Ɗura ga wanda ba ya iya haɗiya tana sa sarƙewa, abincin ya gangara huhu, ƙarin ruwa kuma a wannan gaɓar yakan kumbura ƙafafu ya ƙara kakari a ƙirji. Mai kulawa na ƙwarai zai tara manyan gida ya yi musu bayani da haƙuri. Wanda kuɗi ke gabansa zai rataya leda bayan leda, tunda kowace da farashinta.

Faɗin gaskiya ma awo ne, sai dai a nan ina ganin ba za a kwafo tsarin Turawa dungurungum ba. A wurinmu yaya ko kawu kan ja likita gefe ya ce kada a gaya masa. Ma'aikaci mai hankali ba zai take wannan ba, ba kuma zai yi wa maras lafiya ƙarya ba. Zai tambaye shi shi kansa ko yana son a yi masa bayani ko a yi wa ɗansa, ya bi abin da ya zaɓa. Mutum yana da haƙƙin ya san halin da yake ciki don ya bar wasiyya, ya faɗi bashin da ake bin sa da wanda yake bi, ya nemi yafiyar ɗan'uwan da suka yi shekaru ba sa ga maciji. Haka kuma a duba ko ana mutunta addininsa da suturarsa: a bar malami ya shigo, ko fasto idan Kirista ne kamar yadda ake da su da yawa a ƙasar Zuru, mace ta samu mace mai duba ta inda hali ya yi, a koya wa iyali daidaita magani yadda zai samu sauƙi ba tare da an kwantar da shi barci dare da rana ba gaira ba dalili, domin dangi na son ya ji kalmar shahada idan ana laƙƙana masa.

Takardu kuwa, a tambaya ba kunya: likita da rajistarsa a majalisar likitoci ta Najeriya, MDCN, nas da lasisinta na majalisar nas-nas da ungozoma. A tambayi asibitin da suke da alaƙa da shi, domin wani lokaci ana buƙatar a zuƙe ruwan da ya taru a ciki, ko a tura mutum gashi, wato haska wurin ciwon da na'ura, a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato don rage ciwon ƙashi. Kuɗi kuma a faɗe shi tun farko, na zuwa nawa, na magani nawa. Duk wanda ya ce yana hospis sannan ya zaro wani garin magani ko ƙwayar ƙarin kuzari ya ce in an sha na wata uku dajin zai narke, a sallame shi kafin a sayar da gona.

Aikin ba ya ƙarewa da rasuwa. Masu yin sa yadda ya kamata sukan zo ta'aziyya, su zauna da wadda ta yi jinya, su kuma tambayi sauran mofin da ya rage a kwalba. Ya kamata a ce tun farko a kulle yake, da littafin da ake rubuta lokaci da awon duk abin da aka bayar, kuma abin da ya saura a mayar da shi asibitin da aka karɓo, kada a ajiye wa maƙwabci mai ciwon haƙori.