Gyaɗar da ta yi funfuna ba abinci ba ce

Tun da aka fara cirar gyaɗa a bana, kusan duk gidan da muka shiga a ƙauyukan Kumo, Deba da Dukku abu ɗaya muke tararwa. Uwargida ta zauna ta tsince gyaɗarta tsaf, ta ware masu kyau domin kasuwa, sannan waɗanda suka yi baƙi, suka yamutse, ko suka yi kore-kore a cikin ɓawo, sai ta tara su a ƙwarya ta ce na ƙuli-ƙuli ne da kunun yara. Idan muka yi magana, amsar ba ta canzawa: "Malam, ai asara ce a zubar, wuta za ta kashe komai."

Iyayenmu mata, wuta ba ta kashe shi. Funfunar da ke cin gyaɗa da masara, wadda masana ke kira Aspergillus flavus, tana narkar da ƙwayar daga ciki tana ci, kuma a yayin nan take fitar da wata guba mai suna afilatoksin. Wari-warin da kuke ji idan an buɗe buhu na funfunar ne, amma ita gubar ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, kuma suya da tafasa irin na gida ba sa rusa ta. Wankewa da sake shanyawa na iya kawar da koren da ido ke gani, gubar kuwa tana nan cikin ƙwayar.

An gano wannan guba ne bayan da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, sakamakon cin tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Barazil. A 2004 kuma gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya. Abin da ya fi damunmu a nan shi ne cin ta kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, domin hanta take lalatawa har ta kai ga sankara, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, sannan an danganta ta da tsumburewar yara. Yaron da aka yaye jiya, shi ake dama wa kunun wannan gyaɗar da kasuwa ta ƙi. Wace irin riba ce wannan?

Mun san wahalar da aka sha kafin gyaɗar nan ta iso gida, mun san kuɗin taki da na 'yan ƙwadago, kuma babu wanda ke raina guminku. Amma ku daina mayar da ɓatacciyar gyaɗa cikin tukunya. Ku daina sayar da ita da araha ga masu matsar mai, domin ƙuli-ƙulin zai dawo hannun 'ya'yanku a bakin makaranta. Maigida, kai ma da ke watsa wa kaji ko zuba wa saniya, ka sani cewa gubar tana fitowa a cikin nono.

Abin yi ba shi da yawa. A cire gyaɗa da zarar ta nuna, kada a bar ta a tare a gona ruwan ƙarshe ya dake ta. A shanya a kan tamfol ko tabarma, ba a tsurar ƙasa ba, har sai ƙwaya ta yi ƙara idan an girgiza ɓawo. A ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, a ɗakin da ba ya yoyo. Mai hali ya nemi Aflasafe, maganin da ke rage wannan guba tun a gona, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar, ana watsa kilo 10 a kowace hekta makonni biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure. Wadda ta riga ta ɓaci kuwa, a ƙone ta ko a binne ta da zurfi inda awaki ba za su tono ba.